Masu Tura Bidiyon Ban Dariya a Matameye da Ire-irensu

Gajeren bidiyon ban dariya shi ne kayan da ya fi kowane yawo a Matameye, kuma shi kaɗai ne ke ƙetare iyaka ba tare da 'yan duwan sun tambayi takardarsa ba. Mafi yawansa iri biyu ne: tallace-tallacen kamfanoni da aka shirya da barkwanci, da kuma katun, wato zanen dabbobi da mutane masu motsi da magana. Garin yana kan titin da ya rabu da babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram a Takeita, ya gangaro ta Kance har iyakar Ɗan Barto, daga nan ya faɗa Kwangwalam, Daura da Kano. Saboda haka kayan dariyar ta fuska biyu suke shigowa. Daga Yamai ake samun talla da Faransanci, daga Kano ake samun talla da Hausa da Ingilishi, sannan duka su haɗu a fada ɗaya, gefen tukunyar shayi ɗaya.

Hanyar turawa ta sha sauyi. Da farko Bluetooth ne, a zamanin ƙananan Nokia da wayoyin Sin masu lasifika huɗu, lokacin da hoton bidiyo bai fi girman akwatin ashana ba, kuma sai mutum biyu sun tsaya kafaɗa da kafaɗa har turin ya ƙare. Daga baya katin memori ya yawaita, Xender ta zo da Tecno da Itel, sai WhatsApp, wadda ta buɗe wurin liƙa bidiyo a status a watan Fabrairun 2017, sai TikTok. Abin da bai sauya ba shi ne kuɗin da kallo ke ci. Kowane bidiyo yana cin mega, yana cin wuri a memori, yana cin caji, kuma wanda aka tura wa ne ke biyan ukun. Akwai na huɗu da ya fi su tsada, wato dariyar kanta. Turin bidiyo tamkar gudummawar biki ne: wanda ya kawo yana riƙe da lissafi, yana jiran a mayar masa. Ta yadda kowa ke ba da wannan bashi, ko karɓarsa, ko gudunsa, ake rarrabe masu harkar.

Na farko a tsari shi ne mai turi na kasuwa, domin shi ne kaɗai ke karɓar kuɗi a fili. Ana samun sa a rumfa kusa da tasha, da tsohuwar kwamfuta a gabansa da allon caji mai ramuka da yawa a bayansa. Ba a zaɓen kaya a wurinsa. Mutum ya miƙa memori da 'yan daloli ya ce a zuba masa na dariya, shi kuma ya dubi fuskar mai memorin ya yanke hukunci. Ɗan kabu-kabu zai samu katun da tallan lemo. Dattijo mai furfura zai samu wa'azi cike da kati, da bidiyon dariya biyu ko uku a can ƙasa, cikin wata jaka mai suna "karatu na 2". Dattawa ba su taɓa kawo ƙara kan wannan ba. Abin da unguwa guda za ta yi wa dariya a mako mai zuwa yana hannun mutumin nan, ko da yake shi kansa ya daɗe da daina dariya. Ya ga kowane bidiyo fiye da yadda rai ke so.

Mai tsayawa a ka ya fi kowa wahalar da jama'a, don haka ya cancanci dogon bayani. Shi ba ya turawa daga nesa. Zuwa yake da kansa, ya zauna gab da mutum, ya kai masa salula daf da hanci, ya ce: "Yaya, don Allah kalli wannan, yau sai cikinka ya yi ciwo." Daga nan ba allon yake kallo ba, fuskar mai kallo yake kallo. Idan daƙiƙa goma suka wuce ba motsi, sai ya ce a dakata, wurin bai zo ba tukuna. Idan wurin ya zo ya wuce ba a yi dariya ba, ba ya ɗauka cewa abin ba daɗi. Ɗauka yake ba a gane ba, sai ya mayar da shi farko. Ba ya sakin salular, ko da an miƙa hannu, domin yana tsoron a latsa wani wuri. Hannunsa kuwa rawa yake saboda dariyar da yake dannewa, ta yadda mai kallo ba ya ganin komai sai inuwa mai tsalle. Masu gogewa sun gano cewa hanyar tsira ɗaya ce, a yi dariyar tun a zagayen farko, a haɗa da buga cinya. Amma a yi ta da awo. Wanda ya zarce har ya share hawaye ya jawo wa kansa, domin mutumin yana da wasu guda goma sha irin wannan, kuma yanzu ya samu mai fahimta.

Ƙaninsa shi ne mai riga malam masallaci, wanda kafin ya danna ya riga ya faɗi yadda abin zai ƙare: jakin zai yi magana, mai gidan zai faɗa rijiya, a kula da fuskar matar. Bidiyon sai ya zama shaida kawai a kan labarin da aka riga aka ji.

Makararre kuma matsalarsa lokaci ce. Yau zai turo kwaɗon nan mai hular kwano, Crazy Frog, wanda ya cika duniya tun 2005, ya rubuta a ƙasa cewa sabon fitowa ne. A taskarsa akwai tallan Celtel, kamfanin da ya koma Zain a 2008, ya sake komawa Airtel a 2010. Akwai tallan 2013 da ɗan wasan barkwancin nan Saka ya bar Etisalat ya koma MTN yana rawa, alhali ita Etisalat ɗin ta Najeriya ta sauya suna zuwa 9mobile a 2017. Yakan turo wani yanki na wasan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, da tambayar ko an ga wannan. An gani. Makararre ba maƙaryaci ba ne, yau ɗin ya fara gani da gaske, kuma farin cikinsa na gaskiya ne. Shi ya sa faɗa masa gaskiya ke da nauyi, kuma duk wanda ya ce masa abin tsoho ne zai ji amsar da ba ta sauyawa, cewa da tsohuwar zuma ake magani. A gefe guda yana da amfani da ba a yaba masa: da yawa daga tsofaffin tallace-tallacen da su kansu kamfanonin suka manta da su, a wayar irinsa kaɗai suka rage.

Tafinta yana bayyana ne duk lokacin da talla ta zo da harshen da rabin fada ba ya ji. Iri biyu ne. Akwai ɗan lakwal, wanda ke karɓar na Faransanci, da wanda ya yi zaman Kano ko Legas, wanda ke karɓar na Ingilishi, kuma kowannensu yana shiru da ladabi idan aka shiga gonar ɗayan, bisa sharaɗin shi ma a rufa masa asiri. Ƙa'idar aikinsu ita ce ba a cewa ba a ji ba. Idan Baturen cikin talla ya yi magana da sauri, tafinta zai ce wai cewa ya yi matarsa ta hana shi tuwo. Sau da yawa fassarar ta fi asalin daɗi, kuma ita ce ke zama a bakin mutane. Wannan ba baƙon abu ba ne ga masu kallon finafinan Indiya da kamfanin Algaita na Kano ke juyawa zuwa Hausa, inda jarumin Mumbai ke magana da bakin 'yan Kano. Babban abokin gabar tafinta shi ne Tom and Jerry, katun ɗin kyanwa da ɓera da aka fara a Amurka a 1940, da Mr Bean na Ingila, domin ba su cika magana ba. Duk da haka an sha ganin tafinta yana fassara su.

Mai ambaliya ba ya zaɓen wanda zai tura wa. Duk gurup ɗin da yake ciki zai samu rabonsa: na dangi, na tsofaffin 'yan aji, na 'yan kasuwar rake, na kwamitin gyaran masallaci, har wanda aka buɗe jiya don sanar da rasuwa. Sa'ad da WhatsApp ta taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Janairun 2019, an zaci an yi maganinsa. Sai ya koma turawa biyar-biyar, ya ƙara haƙuri kawai. A Afrilun 2020 aka ƙara matsewa, saƙon da ya sha yawo sai wuri ɗaya ake iya tura shi a lokaci guda. Shi kuma ya koyi ajiye bidiyon a waya ya ɗora shi a matsayin sabo. Wanda suka haɗa gurup huɗu da shi zai sami akuyar nan mai rawa sau huɗu kafin sallar azahar. Ranar baƙin cikinsa ita ce ranar da tallan maganin ƙarfin maza ya sauka a wayar surukinsa, aka kuma ga alamar an buɗe. A irin wannan rana ana amfani da jimla guda da duk ƙasar Hausa ta amince da ita: "Baba, a yi haƙuri, yara ne suka taɓa wayar." Surukin yakan amsa da cewa Allah ya shirya yaran, kuma kowa ya san waɗanne yara ake nufi.

Kishiyarsa shi ne marowacin mega. Ya kashe saukar da bidiyo kai tsaye tun ranar da ya sayi salula, kuma tambayarsa ta farko a kan kowane abu ita ce nauyinsa nawa. Ba ya buɗewa, amma yana biyan bashi: daƙiƙa uku bayan an turo bidiyon minti huɗu, ya aiko da fuskoki biyar masu hawayen dariya. Asirinsa yana tonuwa ne ranar da aka turo bidiyon neman taimako ga mara lafiya, ya amsa da fuskokin nan biyar. Wani reshe na wannan iri shi ne ɗan forfen dare, wanda ke tara komai sai tsakar dare lokacin da mega ke araha, sannan ya bi kowa da amsa ɗaya bayan ɗaya, har wayoyin unguwa su yi ta ƙara ana barci. Wani reshen kuma ba ya sayen forfe sam. Yana zaune sai wani ya sauke, ya matso ya ce: "Aboki, buɗe min Xender." Shi ne ya fi kowa yawan bidiyo a fada.

Ɗan ci-rani yana da uzuri, amma ɓarnarsa ba ƙarama ba ce. Yana Legas, ko Agadas, ko Libiya, ko Aljeriya, ya samu wurin da intanet ke gudu ba lissafi, sai ya manta yadda rezo yake a gida. Yakan turo katun mai nauyin da zai cinye forfen mako. Iyali su ga saƙo daga wurinsa, su zaci labarin aike ne, a tura yaro ya sayo kati, a hau tudu a ɗaga waya sama, a jira. Can sai ga biri yana tuƙa babur. Masu nazarin al'amarin sun lura cewa yawan bidiyon da yake turowa yana ƙaruwa ne daidai lokacin da aiken kuɗi ya yi jinkiri.

Daga ɓangaren masu karɓa, akwai mai gaskatawa da mai ƙaryatawa, kuma zama tsakaninsu ya fi bidiyon daɗi. Mai gaskatawa yana son a faɗa masa a wane gari abin ya faru, kuma ko mutumin ya rayu. Aikinsa ya yi yawa tun da aka fara haɗa bidiyo da ƙirƙirarriyar basira, inda jariri ke zaune a kujera yana bayanin tsadar masara da Hausa tsantsa. Mai ƙaryatawa shi kuma ba ya dariya sai ya gama bincike. Zai nuna cewa inuwar raƙumin ta fuskanci gabas alhali ta mutumin ta fuskanci yamma, kuma babu yadda za a yi kyanwa ta faɗo daga bene ta miƙe. Ba wanda ya ce masa za ta miƙe, katun ne. A rukunin mai gaskatawa ake saka kaka, wadda ba ta kallon Tom and Jerry a matsayin wasa. Duk wanda ɓera ya taɓa shiga masa rumbu ya san gefen da ya dace ya tsaya, don haka ita tana bayan kyanwa, tana tsine wa ɓeran, tana kuma mamakin jikokin da ke tafa wa ɓarawo.

Mai nasiha yana kallo har ƙarshe, wani lokaci sau biyu, sannan ya yi tsaki ya ce wannan ne ya hana yaran yanzu karatu. Kafin ya tashi zai ce a tura masa, don ya nuna wa iyaye abin da ake ciki.

Akwai kuma wanda salular ba tasa ba ce, amma shi ke mulkinta: yaron gida. Wayar ta Inna ce, ita ta saya, ita ke biyan caji, amma ba ta san inda ake shiga ba sai ta kira shi. Shi ke yanke abin da za a ajiye da abin da za a goge, kuma idan wuri ya ƙare, hotunan suna da na biki ne ke tafiya, katun ya zauna. Ta hannunsa kyanwar nan Talking Tom, manhajar da wani kamfanin Sulobeniya ya fitar a 2010, ta shiga gidaje. Aikinta maimaita duk abin da aka faɗa da siririyar murya, kuma ba a daɗe ba manya suka gane amfaninta. Maganar da ba a iya faɗa wa kishiya ko mai riƙe da bashi ido da ido, ana iya sa kyanwa ta faɗa, a liƙa a status. Idan aka zo ƙorafi, amsar a shirye take: wasan yara ne, kuma ba a ambaci sunan kowa ba.

Mai taska babba ne da ya riƙe halin yaron nan. Yana da katin memori uku ko huɗu a naɗe cikin takarda a aljihun gaba, ba ya goge komai, ba ya kuma samun abin da yake nema. Idan ya ce bari ya nuna wani talla, shayi na farko da na biyu za su wuce yana gungurawa. Ranar da kati ɗaya ya lalace, ana yi masa jaje na sosai.

Abin da ya haɗa kusan dukkan waɗannan shi ne ba mai tuna abin da ake tallatawa. Za a kwaikwayi tafiyar ɗan wasan, a haddace maganarsa, a laƙaba wa wani a unguwa sunansa, amma idan aka tambaya tallan mene ne, sai gardama ta tashi tsakanin masu cewa sabulu da masu cewa dunƙulen miya. Kamfani ya kashe kuɗi ya yi wa jama'a wasan kwaikwayo kyauta. Masu maganin gargajiya da ke kafa lasifika a kasuwa sun fi gane wannan; su sukan saka sunan maganin da wurin samunsa a tsakiyar barkwancin, su maimaita har ya zauna, kuma yanzu muryoyinsu ma sun shiga yawo a WhatsApp.

Mai baki ba ya cikin lissafin masu salula, domin tasa ta lalace, ko ta ɓace, ko tana wurin mai gyara tun bara. Ya ga bidiyon sau ɗaya a hannun wani, ya ɗauke shi a ka. Shi zai tashi tsaye ya yi muryar jakin, ya yi ta mai jakin, ya yi kiɗan da baki, ya ƙara abin da masu shirin ba su yi tunani ba. Wanda ya ji daga bakinsa sannan ya ga asalin yakan ji an rage masa wani abu. Irin wannan gwaninta tana da tushe a yankin, domin daga Damagaram ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Yazi Dogo ta yi suna a Tele Sahel, tun kafin a san salula. Darajar mai baki ta fito fili a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kuran ya yi wuya a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Caji ya zama abin tattali, mai tsayawa a ka ya koyi taƙaitawa, mai ambaliya ya rage hannu, masu farantin sola suka yi ciniki. Mai baki kaɗai ne harkarsa ba ta girgiza ba, kofin shayi ya ishe shi aiki.

Saura shugaban gurup, wanda aka ɗora wa nauyin tsare jama'a daga duk waɗanda aka lissafa. Shi ne ke rubuta doka a saman gurup cewa ban da bidiyo, ban da siyasa, ban da talla, wanda ya karya za a cire shi ba sani ba sabo. Yakan cire mutum da safe, a kira shi a waya, a haɗa shi da girman iyaye da zumunci, ya mayar da shi da yamma. Ba ya iya cire yayansa, ba ya iya cire mushen da ya koyar da shi a firamare, ba ya iya cire Alhajin da ke biyan kuɗin taron shekara, kuma waɗannan ukun su ne manyan masu ambaliya. Idan abin ya ishe shi, yakan rufe gurup ɗin ta yadda shi kaɗai ke iya turawa. A cikin kwana biyu na wannan doka ake gane irin kayan da ke cikin wayarsa, domin yakan fara da sanarwa, ya biyo da tunatarwa, sannan ya turo wani katun da ya ce ba don dariya ba ne, akwai darasi a ciki.